Sirri da haɗin kai a kwamitocin sulhu na ƙungiyoyin manoman Kebbi

Tun daga watan Nuwamba na 2015, lokacin da Shugaba Muhammadu Buhari ya zo Birnin Kebbi ya ƙaddamar da shirin Babban Bankin Najeriya na ba ƙananan manoma bashin noma, shiga ƙungiya ya zama babbar ƙofar da manomin shinkafa ke bi kafin tallafi ya isa gare shi. Ka'idar shirin ta buƙaci manoma su haɗu rukuni-rukuni, daga mutum 5 zuwa 20, suna tsaya wa juna wajen biyan bashi, don haka ƙungiyoyi suka yawaita daga fadamun Argungu da Augie har zuwa Suru, Bagudo da Yauri. Duk inda taki da iri da injin ban ruwa da kuɗi suke ratsawa ta hannun mutane kaɗan kafin su kai ga masu yawa, ƙorafi ba ya yankewa, ambaliyar daminar 2020 da ta cinye gonakin shinkafa masu yawa kuma ta ƙara dagula lissafin wanda ya biya da wanda ake bi. Dokar ƙungiyoyin gama kai ta 1993 ta tanadi a kai rigimar da ta shafi harkar ƙungiya mai rajista gaban daraktan ƙungiyoyin gama kai, kotuna ma suna nan, amma manomi ba ya son ya bar gonarsa a tsakiyar noman rani ya riƙa zarya a hedikwata. Shi ya sa ƙungiyoyi ke naɗa dattawa uku ko biyar daga cikinsu su zama kwamitin sulhu, a fara kai musu kuka kafin a fita waje.

Irin wannan kwamiti yana tsaye ne a kan alkawura biyu. Na farko, abin da aka faɗa a gaban masu sulhu ba zai fita ba. Na biyu, duk ɗan ƙungiyar da aka kira zai amsa kira, ya faɗi abin da ya sani, ya kawo takardar da aka nema. A rubuce alkawuran ba sa karo da juna, amma da zarar ƙorafi ya taɓa mai riƙe da muƙami sai kowane ɓangare ya rungumi wanda ya yi masa daɗi. Shugabanni su ce haɗin kai ya wajabta wa kwamiti ya gaya musu wa ya ce me, wanda ake tuhuma ya ce sirri ya hana a buɗe littafin da ke hannunsa, mai ƙorafi kuma ya rasa wanne daga cikin biyun zai kare shi. A ganina yawancin wannan taƙaddama tana tasowa ne daga wuri ɗaya: ana yi wa mutane alkawarin sirri marar iyaka, ana kuma neman haɗin kai marar iyaka, alhali babu ɗaya daga cikinsu da za a iya cikawa haka nan.

Wajibi ne a fara da ba sirri haƙƙinsa, domin masu ganin cewa duk abin da aka yi a ɓoye rashin gaskiya ne ba su yi wa al'amarin adalci ba. A ƙauye ko unguwa, wanda kake ƙorafi a kansa ba baƙo ba ne. Yana iya zama surukinka, ko maƙwabcin gonarka da kuke shan ruwa daga magudana ɗaya, ko wanda kuke haɗa sahu a masallaci sau biyar a rana. Mutumin da zai rantse a gaban taro cewa bai taɓa ko kwabo ba, shi ne zai iya sunkuyar da kai a gaban dattawa uku ya ce matarsa ce ta kwanta asibiti ya taɓa kuɗin, kuma yana neman a ba shi zuwa kaka ya mayar. Idan ya san maganar za ta kai kasuwar mako, ba zai faɗa ba, kuɗin kuma ba za su dawo ba sai an yi ta shari'a. Haka matar da aka rage wa buhun taki a ƙungiyar mata masu turara shinkafa, sau da yawa abin da ke hana ta magana tsoro ne kada mijinta ko danginsa su ji an ce ta kai ƙarar wani babba. Addini ma ya san da wannan. Aya ta 114 a Suratun Nisa'i ta ce babu alheri a cikin yawancin ganawarsu ta asiri, sai ga wanda ya yi umarni da sadaka ko kyakkyawan aiki ko gyara tsakanin mutane. A hadisin da Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito kuma, idan mutum ya yi magana sannan ya waiga, to maganar ta zama amana. Dattijon da ya fito daga zaman sulhu ya kwashe abin da ya ji ya kai majalisar shayi ya ci amana, kuma ya rufe bakin duk wanda zai zo bayan wannan.

Matsalar tana bayyana ne idan aka sa misali a gaba. A ɗauka wani manomi ya kai kuka cewa an rubuta masa buhu huɗu na taki amma biyu aka ba shi, kuma bashin huɗu ake bin sa. Kwamiti ya kira ma'aji, ya gana da shi shi kaɗai, ma'aji ya ce, "Baba, a bar maganar nan tsakaninmu," sannan ya bayyana cewa ba wannan manomi kaɗai aka rage wa ba, an sayar da wani kaso na takin an toshe giɓin da ke cikin asusu, kuma shugaban ƙungiya ya sani. Ya yi tayin biyan mai ƙorafin buhunsa biyu a rufe magana. A nan ɓangarori uku ne ke da da'awa a kan abin da masu sulhu suka ji. Ma'aji yana da alkawarin da aka yi masa. Mai ƙorafi yana da haƙƙin a biya shi, kuma wataƙila ba ya son komai fiye da haka. Sauran 'yan ƙungiya, waɗanda ba su san an rage musu ba, waɗanda kuma suka tsaya wa juna a kan bashin, ba sa cikin ɗakin ko kaɗan, amma dukiyarsu ce ake magana a kai.

Idan kwamiti ya karɓi buhu biyun ya yi shiru, ya sasanta mutum ɗaya da dukiyar mutane da yawa. Idan ya tashi a babban taro ya maimaita kalaman ma'aji, ya karya alkawari, kuma ba wanda zai sake faɗa masa gaskiya. Mafitar da na fi gamsuwa da ita tana cikin bambance abu biyu da ake yawan cakuɗawa, wato maganar da mutum ya furta don neman sulhu, da kuma hujjar da take nan tun kafin a zauna. Furucin ma'aji nasa ne, an ba da shi bisa amana. Littafin rabon taki, rasit na sito, jerin sunayen waɗanda suka sa hannu ko dangwala yatsa, da bayanin asusun banki kuwa na ƙungiya ne, kuma kawo su ɗakin sulhu bai mai da su sirri ba. Kwamiti yana iya, ba tare da ya ambaci kalma ɗaya daga abin da aka gaya masa ba, ya rubuta wa babban taro ko jami'in ƙungiyoyin gama kai cewa yana ba da shawarar a binciki littafin rabon wannan shekara. Littafin zai faɗi abin da ke cikinsa. Ma'aji kuma ya cancanci a gaya masa a fuskarsa cewa za a yi hakan, a ba shi 'yan kwanaki ya fito da kansa ya yi bayani, domin wanda ya zo da ƙafarsa ya fi samun sassauci a wajen jama'a.

Wannan bambanci ba ƙirƙira ba ce, dokokin ƙasa ma a kansa suke. Dokar sulhu da raba gardama a wajen kotu ta 2023, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a watan Mayu na 2023 ta maye gurbin ta 1988, ta ce bayanan zaman sulhu sirri ne, ta hana a kafa hujja a kotu da tayin da wani ya yi ko abin da ya amsa a lokacin sulhu, kuma ta ce idan ɓangare ɗaya ya gaya wa mai sulhu wani abu bisa sharaɗin kada a faɗa wa ɗaya ɓangaren, to kada a faɗa. Amma dokar ta kuma bayyana cewa hujjar da dama can karɓaɓɓiya ce ba ta zama haramtacciya don kawai an yi amfani da ita a zaman sulhu. Ta kuma ware wuraren da sirri ke faɗuwa, ciki har da inda doka ta wajabta bayyanawa, da inda ake buƙatar aiwatar da yarjejeniyar da aka cim ma, da inda ake son hana aikata laifi ko tona shi. Ba kowane zaman dattawa a ƙarƙashin rumfa ne wannan doka ta rufe kai tsaye ba, amma ƙungiyar da ke rubuta ka'idojinta ba ta da madubin da ya fi ta. Abin lura shi ne yadda iyakokin suka yi kusa da waɗanda malamai suka daɗe suna karantarwa. A wata ruwaya ta Abu Dawud, wadda malaman hadisi suka yi magana a kan raunin isnadinta, an ce majalisu amana ne ban da uku: wadda aka zubar da jinin haram a cikinta, ko aka keta farji na haram, ko aka ci dukiya ba da haƙƙi ba. Sanannen hadisin sulhu kuma ya ce sulhu ya halatta tsakanin Musulmi, sai sulhun da ya halatta haram ko ya haramta halal.

Abin da ke mai da waɗannan iyakoki yaudara shi ne ɓoye su har sai mutum ya gama magana. Mai sulhun da ya ce "duk abin da ka faɗa a nan ya mutu a nan", sannan daga baya ya tuna cewa akwai abin da ba zai iya binnewa ba, shi ya jawo rikicin da hannunsa. Kafin kowa ya buɗe baki ya kamata a karanta masa, da Hausa, a gaban shaida, abin da za a rufe da abin da ba za a iya rufewa ba: barazana ga rai, cin zarafin yaro ko mace, da dukiyar jama'a da ta salwanta. Wasu za su ce hakan zai sa masu laifi su kama bakinsu. Gaskiya ne, wasu za su yi shiru. Amma furucin da aka samu ta hanyar alkawarin da ba za a cika ba sau ɗaya ake cin moriyarsa, daga nan kwamitin ya rasa amincin kowa. Batun fyaɗe da lalata da ƙananan yara kuwa bai kamata ma ya kwana a hannun kwamitin sulhu ba, domin laifi ne da ke hannun hukuma, kuma "a rufa wa juna asiri" a irin wannan wuri yana nufin a bar yarinya ta ɗauki nauyin abin ita kaɗai.

Sai batun haɗin kai, wanda shi ma ake faɗaɗa shi fiye da kima. Akwai abin da ƙungiya ke da ikon tilasta wa ɗanta, akwai wanda ba ta da shi. Tana iya wajabta masa ya amsa gayyata, ya saurari ƙorafin da aka kawo, kuma idan yana riƙe da muƙami ya miƙa takardun ofis cikin wa'adi, tare da hukunci a rubuce ga wanda ya ƙi, kamar dakatar da sa hannunsa a asusu har sai ya kawo. Jami'in da ya ce shi ba yaron kwamiti ba ne, ko ya riƙa aiko da uzurin biki da jana'iza har mai ƙorafi ya gaji, ya saɓa wa ƙungiya ne kai tsaye. Abin da ba a tilastawa shi ne yarda. Ba a sa mutum ya amsa laifi dole, ba a sa shi ya yafe dole, ba a kuma ɗaukar ƙin amincewa da tayin sulhu a matsayin taurin kai da za a hukunta. Wannan ɓangare na biyu shi ne aka fi takewa a wurinmu, kuma mai ƙaramin ƙarfi ne yake shan wahalarsa. Idan dattawa uku suka zuba wa matashi ido suka ce, "Yaro, ka yi haƙuri, ka bar wa Allah," ƙalilan ne za su iya cewa a'a, ko da rabin haƙƙinsu aka ba su. Mai sulhu na gari yakan keɓe da mai rauni ya tabbatar masa cewa ƙin yarda ba zai sa a cire sunansa daga rabon baɗi ba, ya kuma ba shi damar zuwa da wanda ya amince da shi.

Hukumar Karɓar Koke-koken Jama'a ta tarayya, wadda aka kafa a 1975 zamanin Janar Murtala Muhammed, take kuma da kwamishina a kowace jiha, misali ce ta yadda ake haɗa abubuwan biyu ba tare da ɗaya ya cinye ɗaya ba. Dokarta ta ɗora wa kwamishinoni da ma'aikatansu riƙe sirri, ta kuma wajabta wa wanda aka nemi bayani daga gare shi ya bayar cikin kwana 30. Ke nan sirrin yana wuyan mai karɓar ƙorafi, wajibcin ba da bayani kuma yana wuyan wanda ake ƙorafi a kansa. A ƙungiyoyi da yawa an juya abin: mai ƙorafi ake ɗaure wa baki, mai muƙami kuma ya kawo takarda ranar da ya ga dama.

Akwai wata gardama mai wuyar gaske da ba na ganin ana iya warware ta yadda kowa zai ji daɗi, ita ce ta ɓoye sunan mai ƙorafi. Wanda ke tsoron ramuwar gayya yana da dalili mai ƙarfi na neman kada a ambace shi, musamman idan wanda yake ƙara shi ne mai rubuta sunayen masu samun iri da taki. Wanda ake ƙara shi ma yana da haƙƙin sanin abin da ake zarginsa da shi dalla-dalla, ya kuma mayar da martani, sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 kuwa ya kafa wannan ka'ida ta jin ta bakin kowa. Sulhu ba ya yiwuwa da wanda ba a gani, domin sai an san juna ake sasantawa. Saboda haka ƙorafin da mai shi ya ƙi a bayyana sunansa bai dace da teburin sulhu ba, ya dace ne ya zama dalilin duba takardu, inda ba a buƙatar sanin wanda ya nuna wurin. Idan takardun ba su nuna komai ba, to ba a hukunta mutum da zargin da ba shi da mai shi.

Daga nan ne ake gane kuskuren da ya fi kowanne yawa, wato ɗora wa mutane ɗaya aikin sulhu da aikin bincike da aikin ladabtarwa. Dattijon da ya ji sirrin ma'aji da safe ba zai iya zama alƙalinsa da yamma ba, ko da ya rantse zai manta abin da ya ji. Kotun Ƙoli ta nuna haɗarin irin wannan a shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri a 1986, inda ta soke korar ɗalibai bayan wata tarzoma, kuma cikin dalilanta har da cewa mataimakin shugaban jami'ar, wanda ɓarnar ta shafe shi, shi ne ya jagoranci kwamitin binciken. Ƙungiyar manoma ba jami'a ba ce, amma hukuncin da ta yanke na korar memba ko ƙwace masa haƙƙi yana iya ƙarewa a gaban alƙali, a can kuma tambayar farko ita ce wa ya zauna a kan maganar. Idan sulhu ya ci tura, abin da ya kamata masu sulhu su rubuta gajere ne: an zauna ranar kaza, an kira wane da wane, wane ya zo ko bai zo ba, ba a daidaita ba. Ba aikinsu ba ne su ce wane ne mai gaskiya, kuma shugaban ƙungiya ba shi da ikon kiran su gefe ya tambaye su.

Wayar hannu ta ƙara wa lamarin nauyi. Yanzu mutum yakan shiga zama da waya a aljihu tana naɗar murya, kafin magariba kuma sautin ya zaga zaurukan WhatsApp. Dokar Shaida ta 2011 ba ta kore hujja kai tsaye don an same ta ta hanyar da ba ta dace ba, ta bar wa alƙali ya auna, saboda haka kada kowa ya dogara da cewa kotu za ta yi watsi da irin wannan sauti. Ajiye wayoyi a waje kafin a fara zama, har da na masu sulhun, ya fi sauƙi. Sai dai wanda ya naɗi murya a ɓoye sau da yawa yana yin haka ne don ya taɓa ganin an yi sulhu an musanta, maganin wannan kuma shi ne a rubuta abin da aka amince a kai, kowa ya sa hannu, kowa ya tafi da kwafinsa.

Saura tambayar da ke tasowa bayan an tashi: shin wanda aka biya haƙƙinsa yana da damar faɗin abin da ya same shi? Ana yawan sa sharaɗin cewa kada ya sake tayar da maganar ko'ina. Ina ganin daidai ne a hana shi yaɗa abin da abokin rigimarsa ya furta a ɗaki, ko adadin da aka daidaita a kai idan sun yarda da haka. Amma abin da ya faru da shi kafin a zauna labarinsa ne, aya ta 148 a Suratun Nisa'i kuma ta keɓe wanda aka zalunta daga hanin bayyana mummunar magana. Sharaɗin da ya hana shi amsa tambayar mai binciken kuɗi ko ta hukuma ya wuce gona da iri. Illar irin wannan shiru tana fitowa ne a hankali, inda mutum ɗaya zai cuci biyar a lokuta dabam-dabam, a sasanta shi da kowanne a ɓoye, kowannensu yana zaton shi kaɗai ne. Kwamiti ne kaɗai ke ganin jerin, saboda haka ya kamata a wajabta masa ya kawo wa babban taron shekara rahoto marar sunaye: ƙorafi nawa aka karɓa, a kan me, nawa aka sasanta, nawa suka tsaya saboda wani jami'i ya ƙi kawo takarda. Idan kuma ƙorafi iri ɗaya ya maimaitu a kan ofis ɗaya, ka'ida ta ce daga na uku, ko duk adadin da taro ya tsayar, maganar ta tashi daga sulhu ta koma bincike.

Duk wannan ba zai yi aiki ba idan shugaban ƙungiya ne ke naɗa masu sulhu yana kuma sauke su, ko idan fayil ɗin kwamiti yana kwana a akwatin sakataren da ake iya kawo ƙara a kansa gobe. Babban taro ne ya kamata ya zaɓe su na wa'adi sananne, a sa mace a ciki inda akwai mata a ƙungiyar, a ba su wurin ajiya da mabuɗinsa ke hannunsu, a kuma yanke wa kowane ƙorafi wa'adin da idan ya cika ba a daidaita ba mai shi zai wuce gaban jami'in ƙungiyoyin gama kai ko kotu ba tare da neman izinin kowa ba.